Daren da Na Yi wa Barci Kwanton Ɓauna

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Shekara biyu da rasuwar mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ban taɓa ganinsa a mafarki ba, alhali ƙannena sukan ce sun gan shi. Abin ya tsaya mini a rai. Ana haka na karanta cewa mutum na iya shiga mafarki da hankalinsa, ya san mafarki yake yi, har ya juya shi. Ba tatsuniya ba ce: a 1975, a Jami'ar Hull ta Ingila, Keith Hearne ya naɗi alamar da wani mai barci ya yi da motsin ido daga cikin mafarki, kamar yadda suka shirya kafin ya kwanta.

Dabarar ita ce ka farka bayan awa 5 ko 6, domin matakin barcin da aka fi mafarki a cikinsa yana ƙara tsawo gab da asuba. Sai ka sake kwanciya ba motsi, kana ƙirga numfashi, jiki ya yi barci hankali yana gadi.

Na yi darare ban dace ba. Wani dare sai kunnuwana suka ɗauki ƙugi, ƙirjina ya yi nauyi, na kasa ɗaga ko yatsa. Dannau ke nan, wanda masana suka ce sakin gaɓoɓi ne da ke zuwa a wannan mataki don kada mu aikata abin da muke mafarki. Na daure. Sai ga ni a zauren gidanmu, Baba yana zaune a kan buzunsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce ya yafe mini. Amma na lura kowace kalma sai ta fara ɗarsuwa a zuciyata kafin ta fito daga bakinsa. Ashe ni ke magana da kaina.

Da na buɗe ido, rana ta fito. Asuba ta wuce ni.

Ya ɗan'uwa, ya zo a Bukhari da Muslim cewa mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, da tsoratarwar Shaiɗan, da zancen zuci. Nawa na ukun ne, tunda ni na ƙera shi. Bushara kyauta ce, ba a farauto ta. Aya ta 42 a Suratuz Zumar ta nuna mana cewa Allah ne ke karɓar rayuka a lokacin barci. Ni kuwa na so in riƙe nawa.

Ba fatawa nake bayarwa ba, hasarata nake faɗa. Lokacin da na riƙa farkawa sulusin dare ne na ƙarshe, lokacin amsa addu'a. Baba addu'ata yake bukata, ni kuma hotonsa na tafi nema. Yanzu idan na farka a wannan sa'a, buta nake ɗauka.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya haɗa mu da su a Aljanna. Wassalam.