Ido Ne Shaidar Kunne

Mai fama da jiri ba shi da abin nunawa. Ba miki, ba kumburi, ba zazzaɓi. In ya je gaban likita, iyakar abin da zai ce shi ne ɗaki na juyawa da shi. Kafin nan kuwa mutanen gida sun gama yanke hukunci: wannan ya ce rashin jini ne, wancan ya ce hawan jini, wata tsohuwa ta ce iska ce. Kunne kaɗai ba a tuhuma, alhali sau da yawa can ɓarnar take.

Can cikin kowane kunne akwai wasu 'yan bututu uku cike da ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya juya. Tocilar likita ba ta kai gare su. Amma Allah cikin ikonsa ya haɗa su da jijiyoyin ido. In suka sami tangarɗa, sai ƙwayar ido ta riƙa zamewa gefe guda a hankali, ta fizgo da sauri, mai ita bai sani ba.

Wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Robert Barany, ya lura cewa ruwan sanyi a kunne yakan sa ido wannan rawa, ruwan ɗumi kuma ya juya ta ɗaya gefen. Wannan bincike ya jawo masa lambar yabo ta Nobel ta 1914, labarin kuwa ya iske shi yana fursunan yaƙi a hannun Rasha.

Har yau da dabararsa ake aiki, sai dai yanzu akan ɗaura wa majinyaci tabarau mai kyamara, a rufe masa haske, a zuba ruwa mai ma'aunin zafi 30, sannan 44, kwamfuta na zana motsin idon. Gwajin ba daɗi, wasu har su yi amai. Akan kuma kwantar da shi farat ɗaya da kai a karkace, yadda likitoci Dix da Hallpike suka bayyana a Landan a 1952. In rawar ta taso a nan, watau wasu ƙananan tsakuwoyi ne na cikin kunne suka bar mazauninsu, likita yakan mai da su da jujjuya kai cikin 'yan mintoci.

Amma in rawar tana sauya gefe duk inda mutum ya duba, to, ba maganar kunne ake ba. Likita sai ya koma kan ƙwaƙwalwa da gaggawa, domin wani lokaci toshewar jini a cikinta da jiri kaɗai take fara sallama.