Tsohon Hannu da Sabon Shiga

Shekarata huɗu ke nan a cikin wata runduna ta wasan Clash of Clans, wasan yaƙi na wayar hannu wanda kamfanin Supercell na ƙasar Finlan ya fitar a 2012. Runduna ba ta wuce mutum 50, kuma tana da matakai: shugaba, mataimaka, dattawa, sa'an nan sauran jama'a. Ni dattijo ne a can, ko da yake a gidanmu har yanzu ana aikena cefane.

Bara ne muka karɓi sababbin ɗalibai goma sha biyu. Idan an ja daga da wata runduna, kowane mayaƙi hari biyu kawai yake da shi, kuma iyakar abin da hari zai samo taurari uku ne, watau ɗaya in an rushe rabin gari, ɗaya in an rushe fada, ɗaya in an shafe garin baki ɗaya. Yaran nan sai su afka wa garin da ya fi ƙarfinsu, su dawo hannu rabbana, alhali kuwa sojojin da suka ƙarar mu muka ba su. Ranar da aka ci mu sau uku a jere, wani dattijo ya kori ɗaya daga cikinsu da tsakar dare. Ashe ƙanen abokina ne, wanda ni na jawo shi. Da gari ya waye yaron ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Yaya, laifin me na yi?" Na rasa ta cewa.

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne dandalin dara na unguwarmu. A can yaro yakan yi watanni a tsugune bayan masu wasa, yana kallon yadda ake jera uku a ci ɗan abokin karawa, kafin a matsa masa gurbi. In ya yi wauta a yi masa dariya, amma an san ɗan wane ne, kuma wani zai duƙo ya nuna masa inda ya kuskure. A waya kuwa baƙo suna ne kurum da lamba, shi ya sa korarsa ba ta da nauyi.

Sai na kai wa shugaba shawara, ya yarda bayan doguwar gardama. Kowane tsohon hannu aka damƙa masa sabon shiga guda, ya riƙa buɗe masa garinsa don harin gwaji wanda ba a asarar komai a cikinsa. Aka keɓe wa sababbi garuruwan ƙasan jeri, aka kuma hana kora sai da yardar mataimaka biyu.

Yaƙi biyu na gaba duk an ci mu, dattijon nan ya yi fushi ya fice da mutum uku. A na uku wata yarinya 'yar aji ɗaya ta kawo taurari shida. Ƙanen abokina dai na aika masa gayyata sau biyu, bai karɓa ba. Yana gaishe ni in mun haɗu, amma ya daina ce mini Yaya.