Tulun Da Ba Ya Riƙe Ruwa

Wani abokina ya je ƙasar Meziko, ya kawo mini tsarabar ɗan tulu, baƙi ƙirin, yana sheƙi sai ka ce an shafa masa mai. Na zuba ruwa a ciki na ajiye. Da gari ya waye sai na tarar tabarma ta jiƙe. Na ce, "Af, an cuci abokina!" Ashe ni ne ban san labarin tulun ba.

A kudancin ƙasar, cikin lardin Wahaka, akwai wani gari, San Bartolo Coyotepec, inda ginin tukwane ya zama gado tun kaka da kakanni. Da can tukwanensu masu launin toka ne, ba sheƙi, amma fa da ƙwari. A cikinsu ake ɗaukar ruwa da giya. A nan aka yi wata maginiya, Rosa Real de Nieto, wadda aka fi sani da Doña Rosa. An haife ta a 1900.

Ba ta da injin juya tukunya. Kasko biyu take samu, ta kife ɗaya, ta ɗora ɗayan a kansa, ta sa yumɓu, tana juyawa da hannu. Cikin shekarun 1950 sai ta gano wata dabara. Kafin tukunya ta gama bushewa, sai ta bi jikinta da farin dutse mai santsi, ta yi ta goga har ta yi sulɓi. Sa'an nan ta gasa ta da wuta wadda ba ta kai zafin ta da ba. Tukunya ta fito baƙa wul, tana ƙyalli.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tukunyar da ba ta sha wuta sosai ba, ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, kuma ba ta da wuyar fashewa. Da fari abin ya ba ni haushi, don ni a ganina tulu na ruwa ne. Amma ka tuna, kwanon roba ya zo ya ƙwace kasuwar masu tulu. Baƙi masu sayen kayan ado su suka riƙa zuwa ƙofar gidanta, maƙwabta kuma suka koyi dabararta, garin ya sami abin ci.

Ta rasu a 1980, zuriyarta suka ci gaba da aikin. Tuluna kuwa yana nan bisa teburi, alƙalumana nake zubawa a ciki.