Haruffan da Ba Su San Ƙugiya Ba

A shekarar 1927 Paul Renner ya fitar da haruffan Futura a Jamus, marasa ado, ginannu bisa da'ira da miƙaƙƙen layi. Daga baya aka matse su suka zama sirara dogaye, har kamfanin Nike ya ɗauke su domin tallarsa. Mu ma sun burge mu, don suna shigar da dogon suna cikin ƙaramin allo.

Ranar da muka je buga allon shagonmu na hatsi a Maraɗi, "Albarkar Ƙasa", sai kwamfuta ta bar gurbin Ƙ fanko, domin Renner bai zana shi ba. Mai bugawa ya ce mu haƙura da K. Muka ƙi, tunda kasa macijiya ce. Da fenti da buroshi muka mayar wa harafin ƙugiyarsa.