Jitar da na ɓoye a shagon tela



Shekara 3 ke nan da na sayi tsohuwar jita a hannun wani yaro da ke kiɗa a coci a cikin Lafiya. Ban isa in shiga da ita gida ba. Baba malami ne, a wurinsa duk wanda ya rungumi abin kiɗa maroƙi ne. Sai na ajiye ta a shagon wani abokina tela a nan Shabu, bakin titin Akwanga. Bayan isha'i in je in zauna da waya ina bin darasi a YouTube, data tana ƙonewa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne tura tsirkiya, irin yadda B.B. King yake yi a kiɗan bulus. Za ka danne ta da yatsan da ke kusa da ƙarami, biyu na bayansa su tallafa masa, ka tura ta sama har sautin ya hau kamar mai shirin kuka. In ka gaza kaɗan ya yi tsami, in ka zarce ya yi tsami. Wata 2 ina fama, yatsuna suka yi kanta, tela yana cewa akuyarsa ta fi ni murya.

Fank kuwa bai wahalar da ni haka ba. Hannun dama ba ya tsayawa, na hagu ya danne ya saki, kamar yadda Jimmy Nolen yake yi wa James Brown. Duk wanda ya tashi da kalangu a kunne zai kama shi da wuri.

Wani dare tela ya kunna Ɗan Maraya Jos yana guga. Kuntigi tsirkiya ɗaya ce tak, amma tana bin muryarsa duk inda ta nufa. A nan na ga kuskurena: ina kallon yatsun Bature a waya, ban taɓa rera abin da nake so jitar ta faɗa ba. Na fara rerawa da baki tukuna, sannan in nemo shi da yatsa. Cikin sati guda turawar ta zauna. Da na koma kan Ali Farka Touré na Mali, wanda ya rasu a 2006, sai na ji sautuka 5 ɗin nan na bulus ba baƙi ba ne a kunnena.

Ana gobe ƙaramar sallah Baba ya zo karɓar ɗinkinsa da kansa, ya same ni da ita a cinya. Na miƙe jikina yana rawa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wannan da nake ji daga waje, ba garaya ba ce?"

Na ce, "A'a Baba, jita ce."

Ya ce kada ta hana ni sallah, kuma kada ya ji na yi wa wani kiɗa don a ba ni kuɗi. Ya ɗauki rigarsa ya fita. Har yau dai bai ce in kawo ta gida ba, tana nan rataye bayan keken ɗinki.