Baƙuwar ƙaguwa a gindin kadarkon Tawunsan

A kudancin jihar Niyu Jazi ta ƙasar Amurka, bakin tekun Atalantika, akwai wani mashigin ruwa da ake kira Tawunsan. Shi ne ya raba garuruwa biyu na masu zuwa hutu, Abalon da Si Ayil Siti, kadarko kuma ya haɗa su. Gaɓar wannan yanki rairayi ce zalla. Duwatsun da ke gindin kadarkon, mutane ne suka jibge su domin kada ruwa ya cinye gaɓa.

Mai karatu da bai taɓa zuwa bakin teku ba, ya kamata ya san cewa ruwansa ba ya tsayawa wuri guda kamar na tabki. Sau biyu cikin kwana ɗaya yake cika ya janye. In ya janye, sai duwatsu su fito fili, jiƙe, lulluɓe da gansakuka, ƙarƙashin kowane dutse kuma akwai ƙananan halittu da ke jiran dawowar ruwa. Wannan ɗan lokaci shi ne ajin ɗaliban da ke karatun halittun teku.

Cikin watan Satumba na shekara ta 1988, wani malami mai suna Jon Makdamot, na kwalejin Faranklin da Mashal ta jihar Pensilbaniya, ya kawo ɗalibansa wurin. Ƴan digirin farko ne, aikinsu kuwa ɗaga duwatsu da faɗin sunan abin da suka tarar. Sai ɗaya daga cikinsu ya kamo wata ƴar ƙaguwa wadda malamin bai san irinta ba a wannan gaɓa. Ɓawonta kusan murabba'i ne, da ƙayoyi uku a kowane gefe, ƙafafunta da ratsi. Mace ce, tana ɗauke da ƙwai. Da masana suka duba, sai ta tabbata cewa mutuniyar gaɓar Japan, Koriya da Sin ce, kuma ba a taɓa rubuta ganinta a tekun Atalantika ba.

Yaya ta yi wannan doguwar tafiya? Masu bincike sun fi ɗora alhakin bisa manyan jiragen ruwa. Jirgin da ya sauke kaya yakan ɗebi ruwan teku cikin cikinsa domin ya samu nauyi, ya zubar da shi a tashar da zai yi lodi. Ƴaƴan ƙaguwar nan kuwa, bayan ƙyanƙyasa, sukan yi kamar wata guda suna shawagi cikin ruwa, ido bai cika ganinsu ba. Mace ɗaya tana iya ɗaukar ƙwai har 50.000 a zubi guda, ta kuma yi zubi uku ko huɗu cikin shekara.

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Wannan baƙuwa dai ba ta tashi ba. Faɗin ɓawonta bai cika wuce santimita 4 ba, amma ta bazu daga jihar Karolina ta Arewa har jihar Men. A wasu gaɓoɓi an ƙidaya fiye da 100 cikin mita guda murabba'i. Cikin shekara ta 1999 aka gan ta a tashar Le Havre ta Faransa. Tana cin gansakuka da dodon koɗi, tana kuma cin ƴaƴan halittu masu ɓawo biyu, dangin makankarin gulbi, waɗanda masunta ke rayuwa da sayar da su. A wurare da dama ta ƙwace ƙarƙashin duwatsu daga koriyar ƙaguwa mai ƙayoyi biyar, wadda ita ma baƙuwa ce da ta zo daga Turai a farkon ƙarni na 19.

Ƴan gida ma ba su zauna kawai ba. Cikin shekara ta 2006 masu bincike na jami'ar Niyu Hamsha suka nuna cewa makankarin yankin da ƙaguwar ta daɗe yana ƙara kaurin ɓawonsa da zarar ya ji alamarta cikin ruwa, alhali na arewacin Men, inda ba ta kai ba a lokacin, ba ya yin haka. Ƙasashen duniya kuma sun ƙulla yarjejeniyar tsabtace ruwan cikin jirage a 2004, ta soma aiki a 2017. Sai dai yarjejeniya tana tare mai zuwa ne, ba ta korar wanda ya riga ya sauka.

Shi ya sa aikin ɗalibai ke da daraja. Sukan aza ɗan firam mai mita guda bisa gaɓa, su ɗaga kowane dutse da ke ciki, su ƙidaya ƙaguwa, su auna ɓawo, su raba maza da mata, su mai da dutsen yadda suka tarar da shi kafin ruwa ya dawo. Aiki ne mai ciwon baya, ba ya kuma bukatar kayan tsada. Amma wanda bai san ƴan gida ɗaya bayan ɗaya ba, ba zai gane baƙo ran da ya iso ba. Shekarar da duk masana ke ƙirga zuwan wannan ƙaguwa daga gare ta, wani ɗalibi ne ya samo ta, durƙushe a gindin kadarkon Tawunsan.