Babbar Taya ko Ta Asali?

Duk mai akori-kura a ƙauye ya san damina ce alƙalin taya. Hanya ta kwaɓe, cikin mota yana jan ƙasa, sai kowa ya kawo shawara iri ɗaya: a sa mata manyan tayoyi ta ƙara tsayi. Mu ma mun sha jin haka a kan Hilux ɗin gidanmu, wadda take kai masararmu kasuwa, take kuma kai mara lafiya asibiti da tsakar dare. Samarin gida suna so ƙwarai, gama babbar taya tana da kwarjini. Mu iyaye kuwa muka ce a yi lissafi tukuna.

Lissafin yana rubuce a jikin tayar. Tamu an rubuta 265/65 R17. Wato faɗinta milimita 265, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, rim ɗin kuma inci 17. In an haɗa, tsayin tayar duka wajen milimita 776 ne. Wadda aka yi mana tallarta, 265/70 R17, wajen 803 ce. Amma mota a tsakiyar taya take zaune, saboda haka rabin bambancin kaɗai za ta samu. Milimita 13 ke nan, kaurin ƙaramin yatsa! Wane taɓo ne wannan zai ƙetarar da mu?

Abin da za a biya kuwa ba kuɗin taya kaɗai ba ne. Agogon gudu juyin taya yake ƙirgawa, sai ya nuna 100 alhali motar tana wajen 103. Inji yakan ƙara wahala a hawan tudu, burki ma haka, mai kuma ya ƙara tafiya. Ga lodi ya danne baya, ga rami, sai taya ta riƙa gogar jikin mota. In har da rim za a sāke, ramummuka shida da suka yi daidai ba su isa shaida ba. Rim mai turo taya waje yana cin boris. Safaya ma dole ta zama girma ɗaya da sauran.

Dattawanmu suna tunawa da Peugeot 404, ta zamanin da masana'antar Kaduna ta fara aiki a 1975. Siraran tayoyi gare ta, ta kuwa shiga ƙauyuka. Siririyar taya takan yanka taɓo mara zurfi ta taka ƙasa mai ƙarfi. Mai faɗi a yashi ta fi amfani.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai, 'yan'uwa, lambar nauyi ce, wadda take bin lambar girma. In an rubuta 112, tayar kilo 1,120 take ɗauka, in 110 ne, kilo 1,060. Girman taya ba shi ne ƙarfinta ba. Akwai babba mai kyan gani da aka yi domin motar yawo, gefenta ba kauri. Ta aikin lodi takan ɗauki harafin C ko LT. Ranar kasuwa buhuna suna baya, 'ya'yanmu da maƙwabta suna ciki, kwalta ta yi zafi. In taya ta fashe a nan, ba masara kaɗai za a yi hasara ba. Ta hannu kuma sai a duba shekarunta: lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT, misali 2319, mako na 23 ke nan na shekarar 2019.

Muka tsaya a kan girman da aka rubuta a takardar bakin ƙofar direba. Muka sayi biyar masu LT, masu zurfin zane domin taɓo. Samari sun ɗan yi gunaguni, sai muka ba su aikin auna iska kowace safiyar kasuwa, tun taya ba ta yi zafi ba.